Dusar da Aka Zuba da Shebur

Ranar Litinin da safe Delmar Aldecoa ya fita bayan gidansa kamar kullum, ya soka sandar awo cikin dusar ƙanƙarar da ta kwanta a kan farin allon da yake ajiyewa a ƙasa don awon dusa, ya ga inci goma sha ɗaya, ya buga wa ofishin yanayi waya ya faɗa. Kafin rana ta take, kowa a Tallow Creek ya san an yi maguɗi. Duk wanda ya share ƙofar gidansa ya san abin da ya sauka bai wuce inci bakwai ba.

Da a shekarun baya ne, sai a yi dariya a ce idon Del ya tsufa. Amma yanzu akwai kasuwar hasashe a wayar kowa. Mu nan Idaho doka ta hana caca, don haka mai son zuba kuɗi a kan ƙwallo sai ya tuƙa mota zuwa iyakar Wyoming, ya tsallake ƙarafan tare shanu da ke shimfiɗe a titi, ya tsaya a gefen hanya har wayarsa ta yarda ya bar jiha. Sai ga wani kamfani da lasisin gwamnatin tarayya, ya ce shi ba caca yake yi ba, ciniki ne, don haka jiha ba ta da ta cewa. Kana kwance a gadonka za ka sayi "e" ko "a'a" a kan ƙwallo, a kan zaɓe, har a kan dusar da za ta sauka a garinku. Tambayar wannan makon ita ce ko za ta wuce inci goma a Tallow Creek, kuma alƙalin shi ne allon Del.

Rabin garin sun sayi "a'a", sun sha ƙasa. Wannan rabin ne kuma suke cika bencinan gaba a coci suna gyaɗa kai idan ana tsine wa caca.

Verna, ƙanwar Del, ta iso ta tarar da tsakar gidan cike da mutane. Ita ce ake kira idan damisar dutse ta shiga garken tumaki, ko maharbi ya ɓace a daji, kuma babu abin da ta tsana irin mutum ya taka sawu.

"Ku ja baya, don Allah!" ta ce. "Kun zo kun tattake wurin kamar garken shanu. Wa ya gayyace ku?"

"Kuɗinmu ne ya gayyace mu," wani ya amsa daga baya.

"To ka fito gaba ka faɗa, matarka ma ta ji."

Bai fito ba. Verna ta zagaya ta bayan shinge inda ƙafa ba ta kai ba, ta durƙusa. Ƙarƙashin 'yar dusar da ta yayyafa da asuba akwai rami mai kaifin baki, shebur ne ya yi shi. An ɗebo daga nan an zuba a kan allon, an lallaɓe da bayan shebur, sama ta ƙarasa rufewa. Sawun ya bi ta magudanar ruwa har titi, inda motar share hanya ta lashe shi. Takalmin irin wanda kowane tsoho a garin ke saye ne a kanti ɗaya, an ɗaura masa ƙananan ƙusoshi a tafi saboda santsi kamar yadda kowa ke yi. Sai dai diddigen hagu ya rasa ƙusa ɗaya.

Ta sami Del zaune a kicin, sandar awon a kan cinyarsa. Tun da matarsa ta rasu, allon nan ne ke tashinsa da safe.

"Ba ka ga ta yi yawa ba?" ta tambaye shi.

"Na gani."

"To me ya sa ka faɗa?"

"Ba abin da na zata ake tambayata ba, Verna. Abin da sanda ta nuna ake tambayata."

Ta dube shi, haushi da tausayi suka cika ta lokaci ɗaya. Ta ɗaga takalmansa a bakin ƙofa ta duba. Ƙusoshinsa a cike suke, amma ta san wannan ba zai wanke shi ba, kowa na iya sake ɗaura ƙusa.

Baƙi biyu suka iso da hantsi washegari, kowa da motarsa, kuma ba su gaisa ba. Misis Ybarra daga ofishin jiha take, Mista Whitlock daga tarayya. A gaban allon suka tsaya suka fara.

"Wannan cacar haram ce, an yi ta a ƙasata," in ji Misis Ybarra.

"Wannan maguɗi ne a kasuwa mai lasisi, kuma kasuwar a hannunmu take," in ji Mista Whitlock.

"Madalla. To ba ni sunan wanda ya zuba maƙudan kuɗi a kan 'e' dab da awo."

"Kamfanin ba ya amsa tambayar jiha. Ni ma sai takardar kotu ta fito."

"Yaushe?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Kafin bazara, ina fata. Abin da suka yarda suka gaya mini kawai, daga bakin iyaka aka buga, ta ɓangaren Wyoming."

Misis Ybarra ta cije leɓe. Jiharta tana shari'a da kamfanin, tana neman abin nunawa a gaban alƙali, kuma ba za ta jira bazara ba. Ta juyo wajen Verna, ba da mugunta ba, amma ba ta sassauta ba. "Misis Lund, gidan yayanki ne, allonsa ne, bakinsa ne ya faɗi adadin. Yau da yamma zan tafi da shi in tsare, sauran bayani ya yi wa alƙali. Allon kuma ofishin yanayi ya ce za a ɗauke."

Del yana tsaye a bakin ƙofa ya ji. Allon kawai ya kalla.

Verna ta biya gida ta ɗauki tabarau da abin sha. Mijinta, Orrin Lund, yana zaune da dafaffen dankali a gabansa bai taɓa ba. Tsohon safiyon gunduma ne, mai awon ƙasa da iyakoki, shi ne kuma shugaban kwamitin da ke matsa wa jiha ta kori kamfanin. A garin nan an san shi da abu biyu. Na farko, yana alfaharin bai taɓa karya dokar Idaho ba, mutumin da zai tsaya cak a mahaɗar da ba mota ko ɗaya saboda allo ya ce a tsaya. Na biyu kuwa dutsensa, wato dutsen iyakar jiha da ba ya gajiya da zancensa.

"Kin ga abin da nake faɗa?" ya ce. "Kasuwar da shebur ɗaya zai juya ta, ita ce ake kira ciniki? Yanzu dai majalisar jiha za ta ji da kunnenta."

"Za su tsare Del yau."

Cokalin ya tsaya a hannunsa. "Ba za su iya ba. Ba su da shaida."

"Suna da allonsa. An ce daga bayan ƙarafan iyaka aka buga cacar."

"Ƙarafan nan ba iyaka ba ne, na sha gaya..."

"Na sani, tsoho, na sani. Iyakar gaskiya tana can gaba inda dutsen safiyo yake, duk masu tsayawa a bakin titi a Idaho suke tsaye, waya ce ke ruɗinsu. Na ji shi a ranar aurenmu, na ji shi a jana'izar uwata. Ci abincinka."

Ta fita ta bar shi yana juya dankalin.

Wadda gari ya fi zargi bayan Del ita ce Shawna Pruitt, mai gidan mai. Ta sayi "e", ta ci, kuma ba ta ɓoye ba. Verna ta same ta tana goge kanta tana tauna cingam.

"A'a, ga mai bin sawu! Zo ki shinshina ni, ki huta."

"Me ya sa kika sayi 'e'?"

"Saboda kowa ya sayi 'a'a'. Mutanen garin nan ba su taɓa yin daidai a kan komai ba, ni kuwa da haka nake ci."

"Litinin da sassafe kin je iyaka?"

Shawna ta fashe da dariya har ta dafe ciki. "Iyaka? In yi me? Haba Verna, wace shekara kike? Wannan manhajar ko a banɗaki kike tana aiki. Cikin bargo na buga tawa, kare na kwance a ƙafata. Sai tsofaffin da suka saba ne ke ƙona mai har yanzu, ni kuwa ina sayar musu ina godiya."

Verna ta kalli ƙafarta. Ƙaramar ƙafa ce, cikin takalmin gashi mai ruwan hoda. Amma maganar ta tsaya mata a rai har ta shiga a-kori-kurarta. Idan ana iya bugawa daga gado, me zai sa mutum ya gama aika-aika, maimakon ya ruga gida ya ɓuya, ya tuƙa har iyaka inda za a iya ganinsa?

Rulon Tibbets yana da rumfar kofi dab da ƙarafan iyaka. A da, ranar da ake buga ƙwallo motoci sukan yi layi a gabansa, yana sayar da kofi da naman gashi har ya gaji. Tun da kasuwar hasashe ta zo, sai hankaki. Ya tsani kamfanin, yana da shebur jingine a bakin ƙofa, kuma shi ne mafi kusa da inda aka buga cacar. Verna ta zo da zarginsa a cikinta.

Ya fito yana dogara sandar ƙarfe, yana jan ƙafar da aka yi wa aiki a kwankwaso.

"Kin zo ki kama ni? Bismillah. Aƙalla a gidan yari ana ba da abinci, kuma akwai mutane."

"Wa ya zo nan Litinin da safe?"

"Litinin ba na buɗewa da wuri. Wa zan buɗe wa? Na dai ji mota ta tsaya, na ji ta tafi. Na ce wani ne fitsari ya matsa."

"Ba ka leƙa ba?"

"Verna, da ƙafar nan? Kafin in kai taga bazara ta shigo."

Mai jan ƙafa bai yi sawun da ta gani a bayan gidan Del ba. Ta bar shi ta taka zuwa ƙarafan. Bayansu kaɗan akwai wani turken shinge da aka kafa wa kofaton doki na ƙarfe, nan kowa ke tsayawa, don nan waya ke yarda. Masu caca sukan shafa kofaton don sa'a, har ya yi sulɓi. Yau dusa ce zaune a kansa, ba wanda ya taɓa.

Sai ta ga sawun. Bai tsaya a turken ba, ko kallonsa bai yi ba. Ya sauka daga titi ya kutsa cikin dusa mai zurfi har gwiwa, ya miƙe sak kamar an ja zare. Inda iska ta share ƙasa ta bar ƙanƙara, tafin ya fito sarai, diddigen hagu ba ƙusa ɗaya.

Ta bi shi. Tun tana rabin hanya zuciyarta ta fara gaya mata inda za shi, ta ƙi saurara. Sawun ya ƙare a gindin wani ɗan dutse mai kusurwa huɗu da bai kai gwiwa ba. An share dusar kansa da hannu, a tsanake, har rubutun da aka sassaƙa ya fito. Mutumin ya tabbatar da dutsen, ya ƙara taki ɗaya gaba da shi, ya haɗa ƙafafunsa ya tsaya. Daga nan ya juyo ya bi sawunsa ya koma.

Verna ta zauna a kan dutsen. Ta daɗe a zaune, sanyi na ratsa ta ba ta ji ba. A duk faɗin gundumar nan mutum ɗaya ne ya san inda dutsen nan yake cikin dusa, kuma ita ke wanke masa safa.

Da yamma aka taru a zauren 'yan kwana-kwana, don nan ne kaɗai ke da murhu mai ɗumi da kujeru isassu. Misis Ybarra ta zo tafiya da Del, Verna ta roƙe ta ta ɗan dakata. Mista Whitlock ya zauna can nesa da ita. Shawna ta zo da cingam ɗinta, Rulon da sandarsa, Orrin kuma ya zauna kusa da Del ya dafa kafaɗarsa. Sauran gari suka cika baya, kowa na harar na kusa da shi.

"Tambaya ɗaya gare ni," in ji Verna. "Wanda ya zuba dusar ya je iyaka ya buga cacarsa. Shawna, ke da za ki buga, ina za ki tsaya?"

"Na gaya miki, ba na tsayawa. Kwanciya nake."

Aka yi 'yar dariya. "Del, kai fa?"

Del ya zaro wayarsa mai murfi daga aljihu ya ɗaga. "Wannan ko hoto ba ta ɗauka."

"Rulon?"

"Inda kowa ke tsayawa mana. Ka tsallake ƙarafa, ka kai turke, ka shafa kofato, shi ke nan kana Wyoming."

"Ba ka Wyoming," in ji Orrin.

Bai yi niyyar magana ba, Verna ta gani a fuskarsa. Bakinsa ne ya riga shi, kamar yadda ya saba riga shi tsawon zamansu.

"Na sani," ta ce. "Shi ma mai sawun ya sani. Ya wuce turken, ya shiga dusa har gwiwa, ya nemo dutsen safiyo, ya share shi, ya taka gaba da shi kafin ya taɓa wayarsa. Mai son kuɗi da daga gida ya buga. Wanda ya saba da caca da a turke ya tsaya. Wannan mutum ne da ba zai iya yin caca a ƙasar Idaho ba ko da ba mai ganinsa." Ta juya ta fuskanci mijinta. "Orrin, ɗaga ƙafarka ta hagu."

Orrin bai ɗaga ƙafar ba. Hannunsa ya janye daga kafaɗar Del ya ɗora a gwiwarsa.

"Ban taɓa kuɗin ba," ya ce. "Suna nan yadda suke. Majalisa nake so in kai su, in ajiye a gabansu in ce ga abin da tsoho ɗaya da shebur ya yi wa kasuwarku. Na rubuta, na roƙa, na tara sa hannu, ba wanda ya saurare ni. Na ce sai sun gani da idonsu."

"To me ya hana ka faɗa jiya?" Shawna ta tambaya, ta daina tauna.

"Na zata za a ce kuskuren awo ne. Da na ga motoci biyu sun shigo gari..." Sai ya ɗago kai da ɗan abin da ya rage masa na taurin kai. "Amma ban yi caca a Idaho ba. Wannan kowa ya shaida."

Del ya juyo ya dube shi, a hankali, kamar yadda yake duban sandar awo.

"Dusar fa, Orrin? A wace jiha ka zuba ta?"

Ba wanda ya yi dariya. Del bai ɗaga murya ba, ya ci gaba. "Jiya ka zo gidana ka sha kofina. Ka ce in kwantar da hankalina, gaskiya za ta fito. Kana zaune a kujerar matata kana faɗa."

Misis Ybarra ta miƙe, Mista Whitlock ma ya miƙe. Kowa ya zata za su sake kaurewa, amma ita ce ta tsaya tana kallon Orrin da takaici. Shi ne mutumin da ya fi kowa aiko wa ofishinta goyon baya.

"Da ka tsaya a turken nan, Mista Lund, da na yi jayayya a kanka, in ce a ƙasata kake, kamar yadda kai da kanka kake faɗa," ta ce. "Amma ka nemo iyakar gaskiya ka tsallake ta da ƙafarka. Laifi a jiha ɗaya, ciniki a wata." Ta juya ga Mista Whitlock. "Naka ne."

Haka mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana cewa tarayya ta cire hannunta daga garinmu ya fita a motar tarayya. A bakin ƙofa ya tsaya gaban Verna.

"Da kin fara gaya mini a gida," ya ce.

"Na gaya maka a gida. Na ce za su tsare Del. Ka ce ba su da shaida."

Ta gyara masa wuyan rigar sanyinsa, don kullum yakan bar shi a naɗe, sannan ta matsa ta ba shi hanya.

Mutanen da suka cika tsakar gidan Del jiya suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu, kowa na rantsuwa shi dai bai taɓa zarginsa ba. Del ya karɓi hannun kowa, sannan ya tambayi Misis Ybarra ko za a bar masa allonsa. Ta ce za ta yi magana, tana ganin za a bari.

Verna ta kai shi gida, ta ƙi shiga shan kofi. Da ta isa nata gidan akwai sauran haske. Sawun Orrin na nan daga bakin ƙofa zuwa inda yake ajiye mota, a miƙe, bai karkata ko kaɗan cikin filin maƙwabci ba, diddigen hagu ba ƙusa ɗaya. Tun Litinin take wucewa ta kansa, ita da ke gane sawun damisa a kan dutse, ba ta taɓa sunkuyawa ta duba na ƙofar gidanta ba.

Ita ke share hanyar kullum kafin duhu, amma jiya rikicin gidan Del ya hana ta. Ta ɗauko shebur, ta tsaya a kan sawun farko ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mai da shebur ɗin inda ta ɗauko shi ta shiga ciki.